Kunyar ɗiyar fari ce ta ɓoye ciwona

Ranar sunan ɗiyata, wata gwaggon maigidana ta same ni zaune a tabarma na ba jaririyar baya. Sai ta juya ta ce wa matan da suka cika ɗakin: "Ku ga ɗiyar mutunci! Ko kallon yarinyar ba ta yi. Irin wannan kunya yanzu sai an tona." Aka rangaɗa guɗa, aka yi ta sa wa Inna albarka saboda tarbiyya. Ni kuwa na ƙara sunkuyar da kai, don na san ba kunya ce ta sa na juya baya ba. In na dubi yarinyar sai in ji kamar ɗiyar maƙwabta ce aka ba ni in riƙe kafin uwarta ta dawo daga kasuwa. Ba so, ba ƙi, zuciya fayau. Wannan rashin jin komai ya fi naƙudar kanta tsorata ni.

Malamar lakwal ce ni, ina koyar da ƙananan yara a wata makarantar firamare nan Damagaram. Haihuwar fari ce, saboda haka tun cikin na wata takwas aka kai ni goyon ciki gidanmu a Birni. Na haihu farkon watan Mayu, tsakiyar bazara, lokacin da duwatsun garin nan ke gasa mutum har bayan isha'i. Haihuwar ta zo da sauƙi, sai dai na zubar da jini da yawa. Aka sa wa yarinyar sunan uwar maigidana, ke nan nauyi biyu ya hau kaina: ga ta ɗiyar fari, ga ta mai sunan suruka. Ummi kowa ke ce mata. Ni ko Ummin ba na faɗa.

Inna ta yi mini duk abin da uwa ke yi. Wanda ya san Zinder da bazara ya san abin da ake nufi da tukunyar wanka safe da yamma har kwana arba'in: famfo kan yi kwanaki bai zo ba, jarkar ruwa sai an bi mai kura da lallashi, ga kuɗin itace. Ba ta tsallake ko sau ɗaya ba. Tun asuba za ta hura wuta, ta tsoma ganyen dogon yaro ta yi ta fyaɗa mini. Ga kunun kanwa, ga gasasshen nama da yaji, ga kauri. Jikina ya samu gata. Abin da ke cikin ƙirjina ne ba wanda ya leƙa, ni ma ban buɗe ba.

Barci ne ya fara tafiya. Ba yarinyar ke hana ni ba. Ko ta yi barci, ko Inna ta ɗauke ta, idona biyu ina ƙirga azarar ɗaki har a kira assalatu. Sai abinci: naman da ƙannena ke haɗiyar miyau a kansa, a bakina kamar dusa. Sai kuka. Na gane cewa wurin wanka ne kaɗai zan yi kuka ba a tambaye ni ba, don tururi da zufa suna rufe hawaye. Abin da ya fi muni, wanda ban gaya wa kowa ba sai bayan wata biyu da rabi, wani hoto ne da ke faɗo mini a rai ba sallama: in ga yarinyar ta suɓuce daga hannuna ta faɗa tukunyar ruwan zafi. Wallahi ban taɓa son haka ba. Amma sai na ce wa kaina, uwar da irin wannan ke zo mata a rai bai kamata a bar mata ɗa ba. Na daina ɗaukarta muddin akwai wuta a tsakar gida. Da ta gama shan nono sai in miƙa wa wanda ke kusa. Kowa ya ce kunya.

Kuma lokacin jinin biƙi ne, ba salla. Ni da na saba in raina ya ɓaci in yi alwala in kai goshi ƙasa. Na san rahama ce aka yi wa mai jego da aka ɗauke mata salla, amma a halin da nake ciki ji na yi kamar ƙofa ta ƙarshe aka rufe mini.

Sau ɗaya na gwada magana. Na ce, "Inna, ni fa ba na jin daɗin raina." Ta ce, "Jego ne, ɗiyata, kowa da haka ta fara. Ki gode Allah kin sauka lafiya, wasu a makara aka fito da su." Gaskiya ta faɗa, a ƙasar nan mace ta haihu ta tashi da ƙafarta ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai maganar ta ƙara mini wani kaya a kan wanda nake ɗauke da shi: ashe ni butulu ce ma.

Da aka yi arba'in aka yi mini kitso da lalle, aka mai da ni ɗakina a Sabon Gari. Can abin ya yi ƙamari. Maigidana ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole, in ya fita da safe sai magariba. Shara ta gagare ni, girki ya gagare ni, wata rana har azahar ban wanke fuska ba. In Ummi ta yi kuka sai ƙirjina ya ɗau bugu, in tsaya a kanta hannuna na rawa. Shi kuma ya ɗauka fushi nake da shi. Ya sayo atamfa, ya sayo turare, ya tambaye ni ko wata magana aka kawo mini a kansa. Da na yi ta cewa ba komai, shi ma ya yi zuciya, muka koma daga gaisuwa sai gaisuwa.

Hajiya, surukata, ita ta fara cewa wannan ba lafiya ba. A ganinta iska ce, tunda an ce mai jego jikinta a buɗe yake, ko kuma baki ne ya kama ni ranar suna. Aka kawo rubutu na sha, aka yi hayaƙi, aka kira malami ya yi ruƙiyya kwana uku. Ban raina ko ɗaya ba. Karatun yana sanyaya mini rai na ɗan lokaci. Kuma har gobe ina yi wa malamin nan addu'a, don a rana ta uku ya ce wa maigidana: "Alhaji, ban ga alamar aljani a nan ba. A ci gaba da addu'a, amma a kai ta likita. Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta." Ba a kai ni ba. Ba mugunta ba ce; ba wanda ya san wace ƙofa ake buga wa matar da ba zazzaɓi, ba ciwon ciki. Wata maƙwabciya ta sayo mini ƙwayar barci wurin masu yawo da magani a tire. Na sha dare biyu, na ga yarinyar ta yi laushi, ba ta kama nono da ƙarfi, na watsar. Don Allah mai shayarwa ta nisanci waɗannan ƙwayoyi, suna bin nono.

Allurar rigakafi ce ta zama sila. Ummi na da sati goma na kai ta asibitin unguwa, wanda muke ce wa CSI, don zagaye na biyu na allurar Penta. Aka ɗora ta a sikeli, aka rubuta a karne, nauyinta bai hau yadda ake so ba. Da aka soka mata allura ta tsala ihu. Sauran mata kowa na jijjiga nata tana rarrashi, ni na riƙe tawa kamar ƙunshin wanki ina kallon bango. Sajifam ɗin da ta yi mini awon ciki, wato ungozomar asibiti, tana gefe tana gani. Ta ce in jira. Da layi ya ragu ta kira ni ɗakinta ta tura ƙofa.

"Madam, yaya jikinki?"

"Lafiya lau."

"Ba gaishe ki nake ba. Tambayarki nake."

Sati goma mutane na shigowa barka, kowa ya ce ina kwanan yarinya, ya ruwan nono, ya wanka. Wannan ce ta farko da ta ƙi karɓar "lafiya lau". Ta tambayi barcina, ta tambayi cin abincina, ta ce yaushe rabona da dariya. Sannan ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Akwai ranar da kika ji gara a ce ba ki da rai?" Nan na fashe. Na gaya mata akwai dararen da nake kwanciya ina fatan kada in farka. Na gaya mata zancen tukunya. Ba ta yi salati ba, ba ta ƙwace yarinyar ba. Cewa ta yi, "Wannan ciwo ne, yana da suna, yana da magani, kuma ba ke kika jawo shi ba." Ta rubuta takardar tura ni sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa na Zinder, ta karɓi lambar maigidana ta kira shi da kanta.

Ya zo a kan babur hankali tashe. Da ya ji inda za a kai ni sai fuskarsa ta canza: "Wurin masu taɓin hankali? In aka gan mu fa?" Ta ce, "Alhaji, da hawan jini na ce tana da shi, za ka tsaya tambayar wa zai gan ku?" Ya yi shiru. Ta ƙara da cewa kada a bar ni ni kaɗai a gida kafin ranar, a kuma kwashe duk wani magani da ke ɗakin. Washegari ya kai ni, na zumbula hijabi har ƙasa kada wani uban ɗalibina ya gane ni.

Wanda ya gan mu dattijo ne mai sanyin magana, ma'aikacin lafiya da ya ƙware a wannan fanni. Da jiki ya fara. Ya auna jinina, ya ja fatar idona ya duba, ya latsa ƙafafuna ko da kumburi, ya tambaya ko numfashi na yi mini wuya in na kwanta, don raunin zuciya bayan haihuwa sanannen abu ne a ƙasar Hausa, shi ma yana kawo kasala. Ya tura a ɗebi jinina, sakamako ya nuna ya yi ƙasa. Ya ce ƙarancin jini, da matsalar ƙullutun nan na wuya da ke kawo maƙoƙo, duk suna iya yin kama da ciwon damuwa ko su ƙara masa nauyi.

Daga nan ya ce maigidana ya ba mu wuri, ya ɗauko wata takarda mai tambayoyi goma yana karantawa da Faransanci yana juya mini da Hausa. A Edinbara ta Birtaniya aka tsara ta a 1987 musamman don masu jego. Duk tambayoyin a kan kwana bakwai da suka wuce ne: ko ina iya dariya, ko ina ɗora wa kaina laifi ba gaira ba dalili, ko tsoro na kama ni haka kawai, ko baƙin ciki na hana ni barci, ta ƙarshe kuma ko tunanin cutar da kaina ya zo mini. Kowace amsa maki ne daga 0 zuwa 3, jimla 30. Daga 13 zuwa sama ana zaton ciwon. Ni 21 na samu. Ya ce takardar ba ita ke yanke hukunci ba, manuniya ce. Hirar da muka yi ta kusan awa guda ita ta tabbatar masa.

Da ya kira maigidana ya dawo, ya raba mana abin gida uku, kuma wannan rabon nake so kowace mace da kowane miji su riƙe. Akwai ƙuncin kwanakin farko, wanda yawancin masu jego ke yi daga kwana na uku ko makamancin haka: kuka ba dalili, saurin fushi, kuma yakan wuce da kansa kafin sati biyu. Wannan ne Inna ke nufi da "jego ne". Akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa, irin nawa, wanda ya zarce sati biyu, ya hana barci da ci da aiki, yana iya farawa ko bayan watanni, kuma in an bar shi yana iya daɗewa. Sai na uku, mai wuyar samu, mace ɗaya ko biyu cikin dubu: ta rikice, ta ji muryoyi, ta ga abin da ba a gani, ta kwana ba barci tana surutai. Wannan ba a kwana da shi, asibiti ake nufa a take.

A kan zancen tukunya ya tambaye ni, "In hoton ya zo, daɗi kike ji ko tsoro?" Na ce tsoro, har jikina na rawa. Ya ce iyaye mata da yawa na samun irin wannan tunani mai kutse, kuma firgitar da nake yi da gudun wuta alama ce ta mai tsaron ɗiyarta, ba mai nufinta da sharri ba. Sati goma ina ɗauke da wannan dutse, da magana ɗaya ya sauke mini rabinsa.

Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wajen mata 13 cikin 100 ke shiga irin wannan hali bayan haihuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma kusan 20 cikin 100. Na tuna layin allura, mu wajen talatin a kan benci, kowa ta ce lafiya lau. Dalilan kuma ba ɗaya ba ne: sinadaran da ke riƙe ciki suna faɗuwa warwas da zarar mabiyiya ta fita, ga rashin barci, ga jinin da aka zubar, ga kaɗaici ko matsin gida. Ya dubi maigidana ya ce, "Ba raunin imani ba ne, Alhaji, kuma ba ƙin ka take ba."

Magani uku aka haɗa mini. Na farko ƙwayar ƙarin jini. Na biyu ƙwayar ciwon damuwa mai suna sertraline, ɗaya kowace safiya, wadda ya ce ya zaɓa ne don kaɗan ƙwarai ke shiga nono, ba sai na yaye ba. Ba kowace farmasi ke da ita ba, sai da maigidana ya zaga, kuma kuɗinta ya taɓa aljihu. Ya gargaɗe ni cewa ba kamar maganin ciwon kai ba ce: sai an yi sati biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ji sauƙi. Satin farko tashin zuciya da ciwon kai na samu, har na ce ƙara mini ciwo aka yi. Cikin sati na uku na yi barcin awa biyar a jere. Na farka na ji ƙamshin ƙasa, ashe ruwa aka yi da dare, kuma na lura cewa ƙamshin ya yi mini daɗi.

Na uku shi ne zaman tattaunawa da dattijon, kuma shi ya fi aiki a jikina. Duk sati biyu nake komawa. Ya sa na sayi ƙaramin littafi, shafi na raba biyu. A hagu in rubuta abin da zuciyata ke gaya mini, a dama in rubuta shaidar da ke ƙaryata shi, kamar yadda nake gyara wa ɗalibai lissafi. "Ni ba uwa ba ce." A dama: na shayar da ita sau tara yau, na kai ta allura a kan lokaci, na watsar da ƙwayar barci saboda ita. Da farko ji nake kamar wasan yara. A hankali sai na fara kama tunanin tun bai zauna ba. Daga baya na san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora a 2015 a kan irin wannan hanya, bayan an gwada ta a ƙauyukan Pakistan inda ma'aikatan lafiya mata na unguwa suka riƙa zama da masu ciki da masu jego. Ke nan ba sai ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi yawa ba. Sajifam ko ma'aikaciyar CSI da aka horar tana iya yi. Da ma a ce kowane layin allura a garin nan yana da mai wannan horo.

Ya kuma ba ni ayyuka ƙanana. Wanka da canza zane kafin hantsi. Fita bayan la'asar ko zuwa bakin titi ne. Ƙanwata ta dawo gidana da kwana, in yarinya ta farka ta kawo ta ta sha ta mai da ita, ni in koma barci. Sai aikin da ya fi ba ni wuya: in riƙa kallon fuskar Ummi in tana shan nono, in shafa mata man kaɗanya ina yi mata magana. Na ce, "Malam, ɗiyar fari ce fa." Ya ce, "A gaban Hajiya ki yi kunyarki. A ɗakinki, ita ba ta san kunya ba, fuskar uwarta take nema." Na yi kwanaki ina yi kamar mai biyan bashi. Wata safiya tana wata huɗu ta saki nono ta dube ni ta yi murmushi, madara na bin haɓarta, sai na ji bakina ya ce "Ummina". Ba kowa a ɗakin. Na yi kuka, amma ba irin na wurin wanka ba.

Na koma islamiyya. Da na gaya wa malamarmu abin da ya ɓoye ni, sai ta buɗe Suratu Maryam ta nuna mini aya ta 23, inda naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino har ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan, ta zama abin mantawa. Ta ce, "Dubi abin da ya biyo baya. Ba a tsawata mata ba. Cewa aka yi kada ta yi baƙin ciki, ga ruwa, ga dabino, ta ci ta sha."

Kuskure ɗaya na yi. Da aka koma lakwal a Oktoba na ji ƙarfi, wata abokiyar aiki ta ce irin waɗannan ƙwayoyi in an saba ba a rabuwa da su. Na daina sha kwatsam ban gaya wa kowa ba. Kwana biyu jiri ya kama ni, kafin wata ya cika barci ya sake guduwa, na tsinci kaina ina kuka a bayan aji. Maigidana ne ya lura, ya ƙirga ƙwayoyin ya ga ba su ragu ba. Da muka koma, dattijon bai yi faɗa ba. Ya ce maganin ba mai sa maye ba ne, amma ana ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, kuma ba a yanke shi kwatsam, ragewa ake a hankali. Na koma kai. Sai da Ummi ta wuce shekara guda aka fara rage mini, cikin makonni, har na daina.

Yanzu tana shekara biyu da rabi, ni kuma ina da cikin wata shida. An gaya mini wadda ta taɓa yin ciwon ta fi kusa da sake yi, saboda haka sajifam ta rubuta a karnena, kuma an sa mini ranar komawa wurin dattijon sati biyu bayan haihuwa, ko ina jin lafiya ko ba na ji. Jiya na je Birni na gaya wa Inna wannan shiri tana tsintar wake. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Can ta ce bayan haihuwar yayana na biyu ita ma ta yi wata biyar ba ta san daɗin duniya ba, aka kai ta ƙauye aka yi ta hayaƙi, ba ta taɓa gaya wa kowa yadda take ji ba. Ta zuba waken a ƙwarya ta ce ƙanwata ta riƙe wanka da rana, ita za ta riƙe jariri da dare.